Ina son zagaya tsohon birnin Sakkwato a ƙasa da ɗalibaina, har da wasan neman ɓoyayyen gwangwani. Ta ina zan faro?

Malamin Labarin Ƙasa:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure.

Ni malami ne a wata makarantar sakandare ta je-ka-ka-dawo a nan Sakkwato. Labarin ƙasa nake koyarwa, shekarata goma sha ɗaya ke nan da alli a hannu. A shiyar Ƙofar Rini aka yanke mini cibiya, amma tun da na yi aure na koma haya a Mabera, sai Juma'a-Juma'a nake leƙawa gida in gaida tsohuwa.

Wani abu ne ya faru a aji a zangon da ya wuce, ya tsaya mini a rai. Ina koya wa 'yan aji biyar yadda ake karanta lambobin wuri a taswira. Na rubuta musu a allo cewa Sakkwato tana digiri 13 arewa da Ikwaita, digiri 5 da 'yan kai gabas da layin Girinwic. Suka kwafe tsaf, amma da ganin idanunsu ka san abin bai shiga ba. Sai na ajiye alli na ce to a lissafa mini ƙofofin birnin nan. Yara arba'in da shida, mafi yawansu haifaffun garin nan, da ƙyar aka haɗa huɗu: Marke, Atiku, Kware, Rini. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ni kullum ta Ƙofar Marke nake wucewa, to me aka yi ake ce mata ƙofa?" A wurinta suna ne kawai da ake faɗa wa ɗan kabu-kabu ya sauke ka. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Ganuwa ta tafi, kuma ba wanda ya taɓa riƙe hannunta ya nuna mata inda ta bi.

Ni kuwa an riƙe nawa. Kakata, Allah ya jiƙanta da rahama, ba ta taɓa hawa abin hawa ba zuwa Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake. Da ƙafa muke tafiya, ina riƙe da gefen zanenta, tana tafe tana faɗa: nan gidan su wane ne, nan da akwai rijiya, nan kakanka ya koyi ɗinkin fata. Tafiyar da babba zai yi cikin ɗan lokaci sai ta ci mana hantsi guda saboda gaishe-gaishe. Duk abin da na sani game da cikin gari a wannan tafiyar na same shi, ba a littafi ba. 'Ya'yana uku kuwa daga Mabera zuwa gidan kakarsu a bayan babur suke zuwa, a bayan babur suke komawa.

To ina cikin wannan tunani sai ƙanena ya nuna mini wani wasa a wayarsa, wanda Turawa ke kira jiyokashin. Mutum zai ɓoye ƙaramin akwati a wani wuri, a ciki akwai takardar sa hannu da 'yan tarkace, ya ɗauki lambobin wurin da GPS ya sanya a intanet, wasu su bi lambobin su nemo, su rubuta sunansu su mayar yadda suka tarar. Ina gani na ce ai ga darasina nan ya sauko daga allo ya taka ƙasa. Yaro zai riƙe lambobi, lambobi su kai shi Ƙofar Taramniya, can kuma a ba shi labarinta.

Na gwada sau biyu ni kaɗai kafin in jawo yara. Na farko gwangwanin madara ne, na sa takarda da guntun fensir da dabino uku, na cusa a wani kogo jikin katangar wani kango kusa da gidanmu. Kwana biyu na dawo babu shi, na san 'yan jari-bola ne suka yi gaba da shi. Na biyu shi ne ya girgiza ni. Na naɗe robar man shafawa a baƙar leda, bayan sallar asuba na durƙusa gindin wani dogon yaro ina tura ta tsakanin saiwoyi, na ɗan yayyafa ƙasa a kai. Ashe wani dattijo yana kallona daga ƙofar zaurensa. Kafin in miƙe ya yi salati da ƙarfi, mutane sun fito, ana cewa ga wani yana binne asiri. Allah ya taimake ni wani maƙwabcinmu na da ya gane ni, ya ce ai ɗan gidan wane ne, malamin makaranta. Na buɗe robar a gabansu, na ba da haƙuri. Dattijon ya ce mini, "Yaro, ko alheri za ka binne a ƙofar gidan mutum, ka fara yi masa sallama." Na kwana ina juya maganar nan, kuma gaskiyarsa ce. Da ni ne na ga baƙo durƙushe da baƙar leda a bakin gidana da duku-duku, abin da zan yi ke nan.

Amma ban haƙura ba. Abin da nake nema a wurinku: wanda ya taɓa yin wasan nan da gaske ya faɗa mini yadda ake yinsa da ƙa'idojinsa, da ko akwai yadda za a sarrafa shi ya zauna da garinmu. Sannan manyanmu da suka san cikin gari, wace hanya ce ta dace a bi da yara a ƙasa cikin safiya ɗaya, kuma wa ya kamata ya yi mana jagora? Ni tarihin da nake da shi na kakata ne, ba na son in tsaya gaban Masallacin Shehu in faɗa wa 'ya'yan mutane abin da ba shi ke nan ba. Allah ya saka da alheri.

Mai Safiyo na Arkilla:

Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗin wannan tambaya. Aikina awon filaye ne, kuma na yi wasan nan sosai lokacin da nake karatu a Ingila, na sa hannu a akwatuna sun fi talatin.

Asalinsa bai daɗe ba. Kafin watan Mayu na shekarar 2000 gwamnatin Amurka da gangan take dagula siginar GPS da farar hula ke samu, har na'ura takan kauce da kusan mita 100. Ranar 2 ga Mayu aka cire wannan takunkumi, washegari wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a daji a jihar Oregon, ya sanya lambobin wurin a intanet don a gwada ko za a iya samunsa. Aka kuwa samu. Yau akwatunan da ke cikin Geocaching, shafin intanet na wasan, sun haura miliyan uku a duniya.

Gwajinka biyu duka sun saɓa wa ƙa'idar masu wasan su kansu. Ba a sa abinci a ciki, saboda dabbobi da kiyashi, mu nan ma ga awaki. Ba a binnewa, ba a tona ƙasa ko kaɗan. Dole a nemi izinin mai wurin. Tsakanin akwati da akwati sai an bar aƙalla mita 161. Kuma masu tantancewa na shafin ba sa amincewa da wanda aka ajiye kusa da barikin soja ko filin jirgi ko wani wurin da ganin mutum yana leƙe-leƙe zai tayar da hankali. Ka ga ke nan ko a can an san abin da dattijon nan ya faɗa maka.

Sai batun na'ura, wanda nan ne darasinka yake. A fili, waya mai kyau tana kai ka kusa da wuri da kamar mita biyar. A lungunan cikin gari kuwa, inda katanga ke dama da hagu ga rufin kwano, siginar takan yi karo da gini kafin ta iso wayar, sai ka ga ɗigon yana tsalle, ya ajiye ka a bayan gidan da kake nema. Mita goma a Arkilla ba komai ba ce, amma a cikin gari lungu biyu ne daban. Don haka in za ka ɗauki lambobin wuri, ka tsaya cak na minti biyu ko uku har lambar ta natsu, ka dawo wani lokaci ka sake ɗauka, ka kwatanta. Ka nuna wa yaran wannan lissafin, za su so shi: digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, saboda haka lamba ta uku bayan ɗigo tana daidai da mita 111, ta biyar kuma kusan mita ɗaya. Yaron da ya kuskure lamba ɗaya wajen kwafa zai gane da ƙafarsa abin da ya yi. Wani abin kuma, GPS ba ya cin data. Ka sauke taswirar Sakkwato a waya tun a gida, da Google Maps ko OsmAnd, ko babu kati za ta yi aiki.

Shawarata, ka bar ɓoye abu a waje gaba ɗaya. Akwai salon wasan da ake yi zango-zango: lambobin farko su kai ka wani wuri, can ka amsa tambaya da abin da idonka ya gani, misali hasumiya nawa ce a wannan masallaci, ko wace shekara aka rubuta a jikin wannan allo, amsar ce za ta cike gurbin lambobin zango na gaba. Babu abin da za a sace, babu abin da za a zarga. Takardar sa hannu kuma ka damƙa ta hannun mutum, mai shago ko mai sana'a. Sai dai ka sani, shafin Geocaching ba ya karɓar akwatin da sai an yi wa wani magana ko an shiga shago kafin a same shi. To ni ban ga asara a nan ba. Ka buga naka a takarda ka raba wa ɗalibanka. Ban ma so ka sanya lungunan mutane a shafin duniya ba tare da saninsu ba.

Dattijon Giɗaɗawa:

Malam, Allah shi yi maka albarka, shi jiƙan kakarka. Jikana na yak karanta min wanga zance, ni ko nic ce sai na sa baki, shi ka rubutawa ina hwaɗi.

Abu na hwarko, kada ka taka da yaro ko guda sai ka gaida masu gari. Ka tahi wurin mai unguwar kowace shiya da za ku ratsa, da goronka, ka hwaɗa mishi ranar da za ku zo. In yaa sani, shiya dut ta sani. Wanga shi na maganin abin da yas same ka gindin dogon yaro.

Hanya kau, kada ka ce za ka zagaye ƙohohi dut rana guda, yara za su gaji su ƙi abin. Ka hwaro daga ƙofar fada da sanyin sahiya, don nan garin yah hwaro. Muhammadu Bello na yak kafa shi a 1809, Shehu na da rai, shina Sifawa daga baya. Ku tsaya Masallacin Bello, sannan ku shigo muna Giɗaɗawa. Sunan daga Waziri Giɗaɗo ɗan Laima yat taso, kuma wazircin Sakkwato gidan nan yaz zauna. Baturen nan Kilafatin da yaz zo wurin Bello a 1824 hannun Giɗaɗo anka sauke shi, ya koma ya dawo, ajali yas same shi nan ƙasar Sakkwato a 1827. Waziri Buhari, wanda yat tsaya da jama'a sa'ad da Turawa sunka ci gari, ɗan gidan na. Waziri Junaidu, da yar rasu a 1997, wanda gidan tarihin jiha ka ɗauke da sunanai, shi ma haka. Gidan tarihin nan ka ware mishi rana daban cikin ranakkun aiki, ka rubuta musu takarda tun da wuri, don akwai rubuce-rubucen hannu da kayan yaƙi da ba a kallonsu a gurguje.

Daga nan ku nuhi Masallacin Shehu da Hubbare. Shehu ya taso daga Sifawa a 1815, anka ƙara ma birni sabuwar shiya dominai, ita aka ce ma Sabon Birni, ba na Gobir ba. Shekara biyu yay yi, yar rasu a 1817, anka rufe shi cikin gidanai. Gidan nan shi na Hubbare. Ka gaya ma yara Bello ba nan yake kwance ba, shina Wurno, can yar rasu a 1837, don da yawa na ɗauka dut wuri guda suke. To ga kashedi: Hubbare ba wurin wasa ba na. Babu tambaya, babu lamba, babu tsere. Waya ta koma aljihu tun daga waje, a tuɓe takalma, a yi sallama ga masu kula da wurin, a yi addu'a, a hito. In kuna son hoto ku tambaya. Wasanku shi tsaya kahin nan, shi ci gaba bayan nan.

Wani abu da nike so ka lura da shi, kai da kake malamin ƙasa. Ƙohohin nan iri-iri na. Wasu sunan mutane: Ƙofar Atiku, Ƙofar Aliyu Joɗi, shi ko Aliyu Joɗi shi na sarkin yaƙin jihadi. Wasu sunan inda hanya ta nuha: Kware, Dundaye. Sauran ko ka saurara: Marke, Taramniya, Kaɗe. Dut itatuwa na. Ka ƙara da Rijiyar Ɗorowa, da Gawon Nama, da Giginya inda anka kara da Turawa ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru yay yi gabas har Burmi inda yay yi shahada cikin Yulin shekarar. Garin ga cike yake da sunayen icce, yaran yanzu ko ba su iya banbanta marke da taramniya. Mu muna yara ƙaron marke muka ɓamɓara muna ci. In kana son tambayar da za ta sa yaro tunani, ga ta nan.

Batun jagora, kada ka nemi mutum guda. Wanda yas san Giɗaɗawa ba lalle shi san Maƙera Assada ba. Kowace shiya da tsohonta. Maƙeri shi hwaɗi ƙira, na Marina shi hwaɗi rini, na Takalmawa shi nuna musu hwatar jan akuyarmu da anka daɗe ana kai ta ƙetaren Sahara. Kai naka riƙon lokaci da ƙirga kawunan yara. Kuma ka sallami kowane tsoho da ɗan abin goro, lokacinai yab ba ka.

Ɗan Kasuwar Kara:

Ni fa Malam ina da ja. Yanzu lokaci ne na tsoro, kowa a ɗarare yake. Yara arba'in da shida riƙe da wayoyi suna nuna gidajen mutane, wallahi wani zai ce leƙen asiri ne, ko an gaya wa mai unguwa. Ka rage su, goma ko sha biyu a tafiya ɗaya. Su sa kayan makaranta don a san ko su wane ne. Ka riƙe takarda mai hatimi daga shugaban makarantarku a aljihu, ka kuma leƙa ofishin 'yan sanda na yankin ka sanar. Waya biyu ta isa, sauran su riƙe takarda da biro. Ga kuma masu fizgen waya a cunkoson Tsohuwar Kasuwa, in ta ɓace kai iyaye za su riƙe. Sannan ko da wasa kada lambobinka su kai yaro kusa da bariki.

Malamar Islamiyya, Runjin Sambo:

Assalamu alaikum. Baba na Giɗaɗawa, Allah ya ƙara girma da lafiya, kun gama magana, sai dai ku ba ni izini in ƙara abu ɗaya da ya shafe mu mata.

Malam, yarinya ce ta yi maka tambayar da ta tayar da wannan zance, to kada a je a dawo ba ta ji sunan mace ko ɗaya ba. A Giɗaɗawan nan da za ku tsaya Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi zaman aure, ita ce matar Waziri Giɗaɗo. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, kuma kabarinta yana kusa da na mahaifinta. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Abin da ya fi dacewa da tafiyarku shi ne 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani, ita kuma jajin ta riƙa jagorantar mata da 'yan mata a ƙasa daga garuruwansu zuwa wurinta, su ɗauki karatu a waƙe su koma su koyar. Ka ga tafiya a ƙasa da jagora don neman ilimi ba baƙon abu ba ne a garin nan, mata sun yi ta tun kafin a san mota. Har gobe za ka ga ayarin tsofaffin mata daga ƙauyuka suna zuwa ziyara Hubbare. Ka sa 'yan matanka su gaishe su, su tambaye su daga ina suka taso.

Akwai kuma abin da 'yan mata za su samo maka wanda samari ba za su iya ba. Su suna shiga cikin gida. Rabin tarihin shiya yana bakin tsofaffin da ba sa zama a zaure. Ka tafi da malama mace, in kun isa gidan da aka yi muku izini ta shiga da su, ku maza ku jira a waje.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma su ke ɓata tafiya. Takardar yardar iyaye, musamman na 'yan matan. Ka san tun da wuri gidan da za su iya kewayawa. Ruwan leda jaka ɗaya, a ɗora wa manyan samari. Asabar ta fi, Juma'a wajen masallatan nan ba masaka tsinke. Ku fita bakwai, ku gama kafin sha ɗaya. Kuma ku yi ta yanzu da hunturu, don daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, ba mai imanin da zai jawo 'ya'yan mutane cikin wannan rana. Mai asma a cikinsu ya sa takunkumi saboda ƙura.

Malamin Labarin Ƙasa:

Jama'a, na dawo da labari. Baba, Allah ya ƙara girma. Malama, Mai Safiyo, da ɗan'uwana na Kara, Allah ya biya ku.

Mun yi tafiyar farko ranar Asabar da ta wuce, yara goma sha biyu, shida mata shida maza, da malama ɗaya, waya biyu. Sati guda kafin nan na bi masu unguwa uku da goro, ba wanda ya hana, ɗaya ma ya haɗa ni da ƙaninsa ya raka mu. Na raba yaran gida biyu, kowane rukuni da takarda mai lambobin zango na farko kawai, sauran da gurabe.

Abin da Mai Safiyo ya faɗa ya faru a zango na biyu. Rukunin samari suka kwafi 7 a maimakon 1 a lamba ta huɗu bayan ɗigo, waya ta kai su wani lungu da ba ya ɓullewa. Ban gyara musu ba, na tsaya a bayansu. Da kansu suka zauna bakin wani dakali suka lissafa cewa kuskuren ya kai mita sittin da wani abu, suka juyo. Darasin da na yi sati biyu ina fama da shi a allo ke nan. Rukunin 'yan matan kuwa da ɗigon ya fara tsalle sai suka yi sallama da wata mai tuyar masa suka tambaye ta, suka riga kowa isa.

A Hubbare mun yi yadda Baba ya ce, waya a aljihu, takalma a hannu. Yaran da ba sa iya yin shiru minti ɗaya a aji, ban ji tarin kowa ba. Mun tarar da wasu tsofaffin mata sun zo ziyara, 'yan matan suka durƙusa suka gaishe su, aka daɗe ana hira har sai da malama ta je ta taso su.

Littafin sa hannu yana wurin wani maƙeri a Maƙera Assada, abokin marigayi mahaifina. Ya ce ba zai miƙa wa kowa ba sai ya ja zugazugi sau goma, haka kuwa aka yi, har 'yan matan. Ya nuna musu gawayin ƙirya ya gaya musu dalilin da ya sa maƙera suka fi son sa, wutarsa tana da ƙarfi kuma tana daɗewa. Ƙarfe sha ɗaya saura kwata muka sallami kowa.

Tambaya ɗaya ce ba wanda ya ci, ta Baba. Na rubuta a ƙarshen takarda: kawo ganyen marke ko na taramniya. Yarinyar nan mai tambaya ta zo mini ranar Litinin da ganye a cikin littafinta, da muka nuna wa mai gadinmu ya ce na kanya ne. Ta ce ba za ta bari ba. Rukuni na biyu za su fita Asabar mai zuwa, ta Ƙofar Marke za mu faro wannan karon. Baba, in da hali, muna roƙon ku tsaya mana ko na minti goma ne a Giɗaɗawa, yaran su ji daga bakinku.

Dattijon Giɗaɗawa:

Madalla, Malam. In Allah ya kai mu Asabar ina zaure tun bakwai da rabi, jikana za shi tsaya bakin hanya shi shigo da ku. Akwai marke guda biyu gonarmu ta hanyar Kware, na aika a karyo min reshe ranar Juma'a da marece, da ƙaron in an samu. Taramniya sai an shiga daji kaɗan, na yi ma wani Bahillace da ka kawo muna nono magana. Ka zo da yarinyar nan ko ba rukuninta na ba.